Ƙwanƙwasar Kwali

Ranar Talata da azahar Auta ya shiga siton yayansa da bindiga.

Shi ya kawo aikin: sito cike da kwalayen karta. Kwalba, ogan gungunsu na 'yan fashi, dariya ya fara yi masa.

"Karta? Da bindigoginmu za mu je satar takarda?"

"Oga, waya tana da lamba, mota tana da lamba. Karta fa? 'Yan sari rububinta suke yi. Kafin dare an kwashe."

Gajere, direbansu, ya ce, "Yaron nan bai yi ƙarya ba. Talauci bai taɓa hana caca ba."

Sharaɗi ɗaya Auta ya kafa: sai Talata, ranar da Yaya ke kai matarsa asibiti, wani ya riƙe makulli. Yaya ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya sama masa dako a siton, har caca ta cinye albashin, ta bi da aikin.

Ashe an ɗage ganin likita. Ba wanda ya sanar da 'yan fashi. Asibiti ba shi da wannan ladabin.

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

'Yan dako suka zube. A tsakiyarsu ga Yaya, hula ta faɗi, furfura a kan siminti. Gumi ya karyo wa Auta a ƙarƙashin ƙyallen da ya rufe fuska. Ya san ƙa'idar Kwalba: wanda ya gane ɗayansu ba ya kwana. To, ba zai yi ko tari ba.

Kwalba ya daka masa tsawa: "Loda, dalla! Kallon me kake?"

A tsallaken titi mai gyaran takalmi ya laɓe yana buga waya. A caji ofis kuwa motar 'yan sanda sai da aka tura ta kafin ta tashi.

Kwali ya bi kwali — Gajere na zagi, injin na ruri. Auta ya sunkuya kan wani na jikin bango.

A wannan sana'a ba a ɗaga kwali sai an ƙwanƙwasa. Busasshiyar karta amsawa take ras. Wadda ta sha danshi kuwa dum, ta manne da juna, ɗan sari ya dawo maka da ita yana kumfar baki. Kowane mai sito da irin bugunsa. Na Yaya da gaɓar yatsa ne, sannan a bi da tafin hannu, kuma da ranƙwashi ya dasa shi a kan ƙaninsa.

Hannun bai yi shawara da kowa ba. Ƙwas-ƙwas — tas!

Ɓarawo yana duba ingancin kayan sata.

Yaya ya ɗago kai. Ba fushi a muryarsa, kamar dai yana kiransa cin abinci.

"Auta?"

Tau! Kwalba ya harbi Yaya.

Jiniya ta taso daga nesa. Kwalba ya daka tsalle cikin mota. Da Auta ya juyo zai bi shi, bakin bindigar Kwalba ya gani.

"Ai ɗan'uwanka ne, tsaya jinya! Gajere, taka!"

Ba su yi nisa ba. Karta ta fi yadda ake zato nauyi, kuma sun yi lodin haɗama. A kwanar farko motar ta kife. Kwalba ya mutu a ƙarƙashin kwalaye, Gajere ya bar ƙafarsa a nan, masu wucewa suka cika aljihu.

Auta na durƙushe, ya ɗora kan Yaya a cinyarsa, jini na bin yatsunsa. Bai cire ƙyallen ba.

"Auta... kai ne?"

Ya datse haƙora. In ya yi shiru, wataƙila Yaya ya tafi yana zaton kunnensa ne ya yaudare shi. Wannan kaɗai ya rage da zai iya ba shi. Yaya ya jira, idonsa a kan ƙyallen, har jiran ya ƙare.

'Yan sanda ne suka fizge ƙyallen. A caji ofis ya amsa duk abin da aka tambaye shi, a kotu ma haka. Matar Yaya ta zo sau ɗaya, ta dube shi, ta fita.

Yana nan a ɗakin masu jiran igiya. Masu gadi sun ce ba ya rigima, sai dai wani lokaci ya juya kai kamar an kira shi, leɓensa ya motsa.

"Na'am, Yaya."