Sunan Musbahu a Bayan Faifai

Da la'asar ɗin wata Alhamis motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan da Musbahu yake aikin tuƙi a unguwar Nasim. Yana tsugune yana wanke tayar motar maigidansa. Duk baƙon da ya kwana biyu a Riyad ya san abin da hannunsa ke yi idan ya ga ɗan sanda, wato lalubo iƙama, katin zaman ƙasa. Musbahu ya miƙa tasa, ba wanda ya ko kalle ta.

Wani dogon baƙin mutum ya fito daga gaban motar. Ya yi magana da Hausa, irin tsohuwar Hausar nan ta jikokin alhazan da suka zo Makka suka zauna.

"Kai ne Musbahu? Ni ne Sufeto Amir."

Ya ɗaga wata leda. A ciki akwai shuɗin faifan roba, an juya bayansa. Ga suna nan da lambar waya, rubutun Musbahu da hannunsa.

"Naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Tun Juma'ar da ta wuce ya ɓace mini."

"To, an same shi da safen nan a gefen gawa. Ina kake da hantsi?"

Da hantsi Musbahu yana cikin mota shi kaɗai a gindin wata bishiya yana gyangyaɗi, bayan ya sauke yaran gida a makaranta. Ba shi da shaida ko ɗaya. Ya faɗi haka, shi da kansa ya ji maganar ta yi kama da ƙarya. Aka sa masa ankwa a gaban maƙwabta.

A gabashin Nasim akwai wani lambun shaƙatawa na jama'a. Wasu injiniyoyi baƙi ne suka kakkafa kwanduna na ƙarfe masu sarƙoƙi a tsakanin bishiyoyin dabino. Wasan ba shi da wuya a faɗa: ka tsaya a dakalin jifa ka wurga faifai, ka bi shi inda ya faɗi ka sake wurgawa, har ya shiga kwando, sannan a wuce na gaba. Musbahu da abokansa biyu, Sadiƙ da Maulud, nan suke zuwa duk safiyar Juma'a kafin salla. Mutanen ɗakinsu Maulud har dariya suke musu, wai ƙatti da gemu suna bin murfin bokiti a rana. Su dai shi ne abin da suke yi a ƙasar nan wanda ba umarnin kowa ba ne.

Yau an rufe ƙofar lambun, ba kowa sai 'yan sanda. Sufeto ya ja Musbahu har kwando na shida, inda hanya take lanƙwasa ta bayan wani dogon shinge na ganye. A bayan shingen akwai famfon ban-ruwa da kwatar siminti. An ɗauke gawar, amma jinin yana nan ya bushe a gefen kwatar.

"Ka san Mamane?"

"Mamane mai ba furanni ruwa? Na Maraɗi?" in ji Musbahu. "Innalillahi. Shi ne?"

"Shi ne. Likita ya ce wani abu mai kaifi ya tsaga shi a gefen goshi, ya faɗi kansa ya bugi siminti." Sufeto ya shafa bakin faifan ta cikin ledar. "Wannan kuma bakinsa dakusasshe ne. Duk haka suke?"

"A'a. Wannan na kusa da kwando ne, ba ya nisa. Na jifan nesa shi ne mai siririn baki."

"Daga dakalin can zuwa nan, da wanne ake jifa?"

"Da mai siririn baki."

Musbahu ya kafe Sufeto da ido yana neman ko ɗigon sauƙi a fuskarsa, bai samu ba.

Aka kira Abdou, abokin aikin Mamane, wanda ya fara ganin gawar. Shi ma ɗan Nijar ne, ɗan tsamurmuri, yana ta murɗa hularsa a hannu.

"Me ka gani?"

"Ban ga komi ba, wallahi. Na zo na iske shi kwance."

"Me ka ji?"

"Ban ji komi ba."

"Mutum bai gani ba, bai ji ba, amma gumi ya jiƙa masa riga a inuwa," in ji Sufeto. "Wancan buhun da ke rataye a famfo na waye?"

Abdou ya ce na Mamane ne. Sufeto ya zazzage shi a ƙasa, fayafai uku suka zubo, kowanne da sunan Bature a bayansa da busasshen taɓo a jikinsa.

"Shina tsinto su cikin kwata da kan dabino," in ji Abdou a hankali. "Ran Juma'a shi mayar ma masu su. Haka al'adar wasan take, wanda ya tsinta shi duba suna shi mayar."

Sufeto ya ɗaga shuɗin faifan ya hasko shi da rana. A cikin lanƙwasar bakinsa akwai irin wannan taɓon. Musbahu ya gane daga buhun nan aka ciro faifansa, ya buɗe baki zai yi magana, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Abdou, ni ba aikin iƙama nake yi ba, kisa nake bincike. Na sake tambayarka. Me ka ji?"

Abdou ya dubi ƙasa. "Na ji an yi ihu daga wajen dakali. An ce, 'Hattara!' Sai shiru."

"Da Hausa?"

"Da Hausa."

Ihun nan Musbahu ya san shi sarai. Duk ɗan wasan da faifansa ya kauce hanya dole ya yi shi, baki ma ba ya jiran shawara. Turawa da nasu, 'yan Filifin da nasu. Masu yin sa da Hausa a lambun nan su uku ne kawai, kuma ɗaya daga cikinsu ne yake tsaye da ankwa. Ɗan sauƙin da ya fara ji ya tsiyaye.

Ya kwana a ofishin 'yan sanda. Abin da ya riƙa zuwar masa shi ne kotu da Larabcin da ba zai gane ba, da tafinta, da matarsa Fiddausi a Gusau tana ta kiran wayar da ba za a ɗaga ba. Ya ji labarin mutanen da suka shiga irin wannan ƙofa da ƙuruciyarsu suka fito da furfura. Akwai kuma waɗanda ba su fito ba.

Da safe Sufeto ya sa aka mayar da shi lambun. A cikin mota ya ce masa, "Abin da ka gani jiya, ka rufe bakinka. Ko tari ka yi zan ɗauka ishara ce."

Sadiƙ da Maulud suna bakin ƙofa, an ɗauko su daga ɗakinsu a unguwar Ud, kowa da jakar fayafansa a kafaɗa. Maulud mai aikin gini ne, ƙato, yau duk ya yi laushi. Sadiƙ mai fenti ne, ɗan unguwarsu Musbahu tun Gusau, jirgi ɗaya ma suka shigo. Shi ya fara kawo Musbahu lambun nan. Da ya ga ankwar sai idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan'uwa, Allah zai fitar da kai," in ji shi.

"Ina kuke jiya da hantsi?" Sufeto ya tambaya.

"Wajen aiki," in ji Maulud. "A tambayi mudir, shugabanmu na wajen aiki."

"Ina ɗaki, zazzaɓi nake," in ji Sadiƙ. "Rabona da nan tun waccan Juma'ar."

"Madalla. An sami gawar Mamane nan bakin ƙofa, kusa da kwando na farko." Sufeto ya faɗi ƙaryar ko ƙiftawa bai yi ba. "Ni ban san wasanku ba, kuma ba na rubuta abin da ban gane ba. Lambu fayau yake, na kori kowa. Yalla, maza ku yi mini yadda kuka saba."

Ba a taɓa yin wasa marar daɗi irin na ranar nan ba. Babu tsokana, babu dariya. Faifai ya tashi, ya faɗi, a bi shi a ɗauka. Idan ya shiga kwando ƙarar sarƙoƙin sai ta cika lambun, Musbahu ya ji ta har cikin haƙoransa. Yana biye da su tsakanin 'yan sanda biyu, bai san abin da ake nema ba, bai kuma san ko shi ake haƙa wa ramin ba.

Suka iso dakalin kwando na shida. Can gaba ga shingen nan kore shar. Ruwa na feshi a ko'ina kamar kullum, har da bayansa.

Maulud ne ya ci kwandon baya, don haka shi ke fara jifa. Ya ja da baya, ya taka, ya saki. Faifan ya bi ta gefen shingen ya ɓace. Ya matsa gefe yana goge hannu a wando.

Sadiƙ ya hau dakali. Ya sa hannu a jaka ya fito da wani faifai ruwan ɗorawa, ba jan da ya saba jifa da shi a nan ba. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Ƙarar ruwan tana ta tashi daga bayan shingen.

"Ina zuwa," in ji shi.

Ya sauka daga dakalin ya nufi shingen da sauri, ya zagaya, ya leƙa daidai wajen famfo. Ya daɗe yana kallon wurin.

Shekara da shekaru suna jifa daga dakalin nan, ba wanda ya taɓa leƙa bayan shingen, don babu hanya a wurin, babu wurin zama. Musbahu ya so a ce idonsa ne ke masa ƙarya.

Sufeto ya taka a hankali har ya isa gare shi, sauran suna biye.

"Me ka zo dubawa?"

"Ko da mutum, ranka ya daɗe. Ba a jifa in da mutum a hanya."

"Kwanduna biyar ka wuce ba ka duba ba. Na ce maka lambu fayau yake. Na ce maka a bakin ƙofa aka sami gawa. Wa ya gaya maka mutum na tsayawa a nan?"

Sufeto ya miƙa masa hannu.

"Ba ni jakar."

Sufeto ya jera fayafan a kan siminti. Dukkansu da ƙura da tabon ciyawa, sai guda ɗaya a can ƙasan jakar, ja mai siririn baki, an wanke shi tas yana ƙamshin sabulu. Sufeto ya kai shi kusa da idonsa. A bakinsa akwai 'yar tsaga, cikinta da wani abu baƙi-baƙi da sabulu bai kai gare shi ba.

"Wannan zai je wajen likita. Ko ka hutar da mu?"

Sadiƙ ya durƙusa.

"Wallahi ban gan shi ba. Ba ni da aiki jiya, na zo ni kaɗai in ɗan motsa hannu. Faifan ya kauce, na yi ihu, sai na ji faɗuwar mutum. Na zo na tarar da shi cikin jini."

"Yana numfashi?"

Sadiƙ ya rufe fuska da hannu. "Yana yi."

"Me ya hana ka kiran motar asibiti?"

"Iƙamata ta mutu, kafilina da ya tsaya mini na shigo ƙasar ya ƙi sabunta ta. In na kira, shurɗa za su zo, 'yan sanda. Na ji tsoro, ranka ya daɗe, na ji tsoro."

"Likita ya ce da an kai shi a lokacin da ya rayu," in ji Sufeto. Maulud ya dafe kai yana salati.

"Na ɗauke faifaina. Sai na ga ciwon, na san duk wanda ya gani zai gane faifai ne, za a zo a bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ga buhunsa a rataye. Na buɗe, na ciro ɗaya na ajiye a gefensa."

Musbahu bai san lokacin da ya yi magana ba. "Akwai na Turawa uku a ciki, Sadiƙ. Me ya sa nawa?"

"An ji ihuna da Hausa, wa zai yarda Bature ne?" Kuka ya ci ƙarfinsa. "Kai takardunka lafiya lau, maigidanka mutumin kirki ne. Na ce za a tambaye ka kawai a sake ka."

Sufeto ya yi wa ɗan sandan da ke riƙe da Musbahu alama, aka kwance shi. Musbahu ya tsaya yana murza wuyan hannunsa. Ya ɗauka idan aka sake shi farin ciki zai ji, amma bai ji ko ɗigonsa ba.

Aka ɗaga Sadiƙ aka nufi ƙofa da shi. Musbahu ya bi su a baya har wajen mota. Ana shirin tura Sadiƙ ciki ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya."

Sufeto ya dakata.

"Sadiƙ, dubi idona. Da ba a sake ni ba fa? Da an kai ni kotu an yanke mini hukunci, za ka fito ka faɗa?"

Sadiƙ ya ɗago kai. Leɓensa ya motsa. Musbahu ya jira, ya ba shi lokaci, har cikin ransa yana roƙon ko ƙarya ce ya yi masa. Sadiƙ ya mayar da kansa ƙasa, ɗan sanda ya rufe ƙofar.