Kada Ki Yanka Wannan

Ranar da Kinanti ta fara shiga shagon batik, zanen da ake yi wa ado da kaki, na dattijuwa Bu Sulastri a unguwar Laweyan, ba soyayya ta kai ta ba. Ƙyallaye take nema, kuma a gajiye take liƙis. Wata da watanni tana fama da wani ƙaton bargon haɗe-haɗe da za a rataya a baje kolin birnin Solo, mai ɗauke da fuskokin matan da suka yaƙi Turawan Holan.

Jatmiko, ɗan mai shagon, ya dubi yatsunta da allura ta gama hudawa.

"Ke kike ɗinka bargon nan, ko shi yake ɗinka ki?"

"Mas, miƙo buhun ƙyallayen kawai. Ba ni da ƙarfin dariya," ta ce, da Mas ɗin da ake ce wa yaya.

Sai ga shi ta yi dariyar. Shi ke nan fa, kullum sai ya ƙirƙiro dalilin kai mata ƙyalle har gida, ko da bai kai tafin hannu ba. In bai zo ba, saƙo zai shigo, yana kiranta Dik, wato ƙanwa:

"Dik Kinan, Allurata, kin ci abinci? Jaruman nan naki sun daɗe suna jira, ba za su yi fushi don kin tashi ba."

"Na ci. Ƙarya nake. Taho min da miyar soto."

Da maganar aure ta taso, Bu Sulastri ta ce sam.

"Uwata a kan zanen batik idonta ya mutu. Mace ta yi watanni tana ɗiga kaki a zane ɗaya, wata ta zo da almakashi ta daddatsa? Ga Retno 'yar ƙawata, ta san darajar zane."

Ya yi roƙo har ya gaji. Rannan sai uwar ta ba shi buhu a ɗaure, ta ce ya kai wa yarinyar. Bawan Allah ya ɗauka ta sauko ne, ya kai da murnarsa bai ko leƙa ciki ba.

Kinanti ta kwance bayan ya tafi. Slobog ne zalla, zanen da ake lulluɓe mamaci da shi. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, don ta ɗauka da saninsa. Ta rubuta masa:

"Na ga saƙonku. Allah Ya ji ƙan abin da ya mutu."

Ta kashe wayar. Ya yi sintiri a ƙofar gidansu, ba ta fito ba. Ɗinki kawai take yi, bayanta na ciwo, zuciyarta ta fi bayan ciwo.

Ranar baje kolin Jatmiko ya kawo uwarsa, ya rame kamar mai jinya. Yana hango Kinanti ya matso.

"Wallahi ban buɗe buhun ba, Dik."

Ta ɗago ta dube shi.

Bu Sulastri kuwa ta tsaya cak a gaban bargon. Ga matan a jere, kowacce da ɗan slobog a kafaɗarta, an ɗinke shi da hannu, ba a datsa adon zanen ko ɗaya ba.

"Me ya sa kika sa musu wannan?"

"Duk sun rasu, Bu. Wata ma a baƙon wurin da Turawa suka kai ta ta cika, nesa da danginta. Na so in lulluɓe su. Ba ni da zanen da ya dace sai da kika aiko."

Dattijuwar ta daɗe tana shafa ɗinkin, ta juya ta tafi.

Kashegari da hantsi ta yi sallama a gidan su Kinanti, da zane sabo a naɗe. Truntum ne, wanda iyayen ango da na amarya suke ɗaurawa ranar biki.

"Na gaji da faɗa, Nduk, ke ma na ga kin gaji," ta ce, da sunan da uwa take kiran 'yarta. "Kada ki yanka wannan. Ki ba mahaifiyarki. Nawa yana gida."

Aka ɗaura aure bayan damina, iyayen biyu cikin zane iri ɗaya suna ta sa albarka. Kinanti kuwa, tana tsaka da karɓar gaisuwa barci ya sace ta a kafaɗar angonta, kuma Bu Sulastri ce ta hana kowa ya tashe ta.