Ƙwayar da Ta Ƙi Yin Tandu

An ce a wani tsohon tafki akwai wata ƙwayar halitta, ido ba ya ganinta. Kullum kakarta tana ce mata, "Jikalle, ƙarfe abincinmu ne, amma wuta ne in ya haɗu da iska. In kin haɗiya, ki yi masa tandu a cikinki, ki rufe."

Ƙwayar ta haɗiya ta rufe, ta haɗiya ta rufe. Rannan ruwan sama ya kawo jar laka cike da ƙarfe. Ta ce, "In tsaya yin tandu, wasu su kwashe?" Ta yi ta haɗiya ba rufewa.

Da iska ta ratsa jikinta, ƙarfen ya shiga ƙona cikinta. Kakar ta iske ta ko motsi ba ta iyawa.

Da ƙyar ta ce, "Kaka, wanda na rufe a tandu ko taɓa ni bai yi ba."