Furar Da Kaka Tambara Ta Dama

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don Muna ɗiyar ƙanen babana ce, kuma har yau in an ambaci Yazid sai ta tashi daga wurin. Amma abin ya tsaya mini a wuya, dole in faɗa.

Ranar da Yazid ya zo gaida iyayenta a ƙauyensu, kusa da Tabla, Muna tana laɓe bayan zana. Ta daɗe tana jiran wannan rana. A kasuwar Filinge suka haɗu, inda yake da rumfar sharjin salula, kuma shi ya saya mata ƴar salular da ke ƙulle a haɓar zanenta.

Kaka Tambara ce ta reni Muna tun rasuwar uwarta, don haka maganarta ake jira. Tun safe tsohuwar ta hana kowa taɓa furar baƙo. Da kanta ta dama, da sabon hatsi. Ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta miƙe wa kowa, ko mai gari a zaune take gaida shi. Amma yau ta dafa ƙasa ta tashi, ta ɗauki ƙwarya da hannu biyu, ta taka a hankali har gaban tabarmar Yazid.

"To, ɓarawon jikata, ga ruwan gidanmu. Sha mu gani in za ka iya da mu!"

Kawu Maidoki da sauran dattawa suka yi dariya. Yazid bai tanka ba, kansa a sunkuye. Muna ta ji daɗi, ta ɗauka kunyar surukai ce. Sai ta hangi haske tsakanin gwiwoyinsa, babban yatsansa yana ta shafar gilashin salula.

Kaka tana tsaye. Ƙwaryar ta karkace, fura ta zubo mata a ƙafa. Kawu Maidoki ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sai a lokacin Yazid ya miƙo hannu, hannun hagu kuwa, ko kai bai ɗaga ba. Ya karɓi ƙwaryar ya dire ta gefe, ko kurɓa bai yi ba.

Tsohuwar ta daure ta ce, "Allah shi ba ku zaman lahiya."

Dattawa suka amsa da amin. Shi kuwa Yazid sai ya fashe da dariya, idonsa a kan salula.

Kaka ta juya ta shige ɗaki.

Muna ta zagaya ta bayan rumbu, ta tare shi a gindin gawon da ya ajiye motonsa, wato babur. Yana ganinta ya washe baki.

"Rabin raina! Kin ga komi ya tahi daidai..."

"Daidai? Mi ya tahi daidai, Yazid?"

"Subhanallahi, mi na yi kuma?"

"Mi Kaka ta ce maka?"

Ya sosa ƙeya. "Ai... addu'a ta yi."

"Wace addu'a?"

"Haba Muna, addu'ar tsohuwa ai duk ɗaya ce."

"Da wane hannu ka amshi hura?"

Salula ta yi ƙara a aljihunsa, hannunsa ya nufi wurin.

"Wallahi ka taɓa ta, ka ga yadda za mu ƙare!"

"Abokaina ne suka turo wani abu a gurup, na ce bari in duba kaɗan. Nan ma da ƙyar rezon salula ke kamawa. Don hura kawai za ki tada hankalinki?"

"Hura kawai!" Hawaye suka zubo mata. "Matar da ba ta miƙe wa mai gari ba, kai ta miƙe wa! Ka bar ta tsaye kamar baiwarka, gaban kawunnaina! In ka zo hira ni kaɗai nake magana, kai kana kallon hannunka, na yi haƙuri. Ran da aka yi zaman makokin gwaggonka kana ta latse-latse mutane na kallonka, na ce ƙuruciya ce. Amma Kaka, Yazid? Kaka?"

"To ki ba ta haƙuri mana, hasken idona. Gobe kasuwa, dole in koma tun da rana."

Ya tada moto. Bai kai bakin gonar Kawu ba ta ga ya ciro salular da hannu ɗaya.

Da ta koma gida ta tarar da ƙwaryar nan inda ya dire ta, ƙudaje sun baibaye ta. Kaka na zaune bakin ɗaki tana wanke ƙafarta. Muna ta durƙusa ta karɓi butar.

"Kaka, ki gahurta mashi. Wallahi ba mugu ba ne..."

"Ni ban ce mugu ne ba, ɗiyata. Kuma ban hana ki ba. In kina so nai, gobe ma a sa rana." Ta shafa kan Muna. "Ni na tsuhwa, an bar ni tsaye, na zauna, ya wuce. Abin da nake tunani ɗaya ne. Ran da ciwo ya kama ki a ɗakinai, kika kasa magana, wa za ya ɗaga kai shi gan ki?"

Muna ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta yi ta kuka, don har yanzu tana son shi, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Washegari da safe ta bi motar ƴan kasuwa zuwa Filinge. A hanya ta yanke wa kanta shawara: in ya ɗaga kai ya dube ta, za ta yafe, ta riƙo shi su je ya durƙusa gaban Kaka.

Ta same shi a rumfa shi kaɗai, kai a sunkuye, yana murmushi. Ta yi sallama, ya amsa a ciki. Ta tsaya daf da tebur har inuwarta ta rufe shi. Ta jira. Ta kwance haɓar zanenta, ta ciro salular da ya saya mata, ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda Kaka ta miƙa fura.

"Sharji ne?" ya ce, idonsa na ƙasa. "Aje nan, ki dawo da azahar."

Ta ajiye. Ta gyara lulluɓinta, ta share ido, ta wuce layin masu magani ta saya wa Kaka man shafa gwiwa.