Bugu Ɗaya, Dutse Ɗaya

Magariba ta kawo jiki, Mama na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin marigayi Yaya. Bayan minti biyar wani ya biyo. Aka zagaya gidan da fitila, ba a ga mai jifa ba.

A ɗakin nan Yaya ya bar sabarsa, wata baƙar na'ura mai gurnani da yake ajiye wa mutane shafukan intanet a cikinta. Da ya rasu aka kashe ta. Amma manhajar sa ido da ke wayarsa ba ta san mutuwa ba. Duk minti biyar sai ta taɓa sabar, ta ji shiru, ta yi ƙara. Dogo, ƙanin marigayin, ya gaji da ganin Mama na zabura, sai ya kashe ƙarar kawai. Goge sabar daga jerin manhajar kuwa ya kasa, don Yaya ne ya shigar da ita da hannunsa.

Yamma ta huɗu da fara jifan, Auta, ƙanwarsu, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗakin, ta tashi da muryar ƙato. Aka ɗauko Malam. Ya daɗe yana karatu kafin ta wage baki.

"Wane ɗan banza ke buga min ƙofa?"

"Gidan mutane ka shigo, la'ananne, kuma kai ne da ƙorafi?" in ji Malam.

"Akwati na samu kango, na tare. Duk minti biyar, kana nan? Kana nan? Kun toshe kunnuwanku, kun bar ni da bugun. To, bugu ɗaya, dutse ɗaya."

"Sakar mana yarinya."

"A daina tambayar, in bar muku ita da akwatin. In ba haka ba, tare za mu tafi."

Dogo ya ce, "Ba kai ake nema ba."

Auta ta juyo da jajayen idanu. "Na sani, sakarai. Wanda kake nema ba zai amsa ba."

Mama ta riƙo rigar Dogo. "Goge, ɗan nan. So kake in rasa biyu?"

Dogo ya ɗauko wayar Yaya, ya taɓa wurin goge sabar. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna.

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa da muryarta. Dogo ya zauna a dokin ƙofa yana duban agogo. Minti biyar suka cika, kwano shiru. Sai a lokacin ya yi wa Yaya kuka.