Lambar da Aka Manna wa Na'ura ta Sha Huɗu

Ƙarfe goma na safiyar Litinin Sufeto Gbaguidi ya isa kamfanin da ke unguwar Akpakpa a birnin Kwatano, rigarsa sharkaf da gumi. Mutum ne da ko wayarsa ta rikice sai ya kai wa mai gyara, sai ga shi an turo shi binciken satar kwamfuta. Ransa bai so ba ko kaɗan.

Madam Ahouansou, mai kamfanin, ta tarbe shi a bakin ƙofa, idanunta jawur.

"Yallaɓai, sunayen mutum dubu huɗu aka sace. Masu karɓar maganin ƙanjamau ne a wani asibiti da muke ajiye wa bayanai. Suna, adireshi, lambar waya, komai. In ya fita gari, aure nawa zai mutu? Wani ma rataye kansa zai yi."

"An fasa ƙofa?"

"Da an fasa da na gode wa Allah."

Ta nuna masa wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, manyan kwamfutoci uku na ta gurnani a ciki. Ba a taɓa komai ba. Mabuɗi ɗaya ne, yana hannun injiniya Sedami.

Sedami ta zauna gabansa tana murza yatsu.

"Yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, na'urorinmu ashirin ne, suna aiki tare. Akwai manhaja mai rabon aiki, ita ke cewa wannan aiki ya sauka kan waccan na'ura. Ba ta da ido, lamba kawai take bi. Mun ce mata aikin asibiti kada ya sauka ko'ina sai kan na'urar da aka rubuta wa lambar asibiti. Ukun nan na ɗaki su kaɗai ke da ita."

"To ta ina ɓarawo ya shiga?"

"Bai shiga ba. Ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya da kwata na rana wani ya rubuta wa na'ura ta sha huɗu wannan lambar, ya dakatar da ɗaya daga cikin ukun. Mai rabon aiki ta ɗauki aikin ta kai can, bayanan suka bi shi. Yau muka tarar an zare faifan ajiyar bayanai na na'urar."

Sufeto ya yi tsaki. Wato kayan da ƙafarsu suka fito suka sami ɓarawo a waje.

"Da sunan wa aka ba da umarnin?"

Ta sunkuyar da kai. "Da nawa. Amma wallahi ba na barin kwamfutata a buɗe."

"Ƙarfe ɗaya da kwata kina ina?"

Sai ta fashe da kuka. Ashe ta sauka sayen akasa, wato tuwon masara, da kifi wajen mai abincin bakin titi, ta bar allon a buɗe, kamar yadda kowa ke yi a ofishin.

Na'ura ta sha huɗu tsohuwa ce ta gwaji, tana can ƙarshen baranda, ƙura ta rufe ta. Sufeto bai san kan kwamfuta ba, amma ya san ƙura. A goshin na'urar akwai wuri ɗan tsawon yatsa, fes. Ya taɓa, ya ji danƙo. A gefe ɗan guntun jan salatif ya maƙale.

Ya koma ɗakin ƙarfe. Kowace cikin ukun tana da jan salatif a goshi.

"Wannan na mene ne?"

Madam ta ɗan yi murmushin dole. "Aikin Gandonou ne, babban injiniyanmu, muna ce masa Fofo, wato yaya. Duk na'urar da ya rubuta wa lamba a kwamfuta, sai ya tashi ya manna mata salatif mai launi. Shekara goma yaran nan na yi masa dariya, suna ce masa mai ɗinkin taya."

"Wani na yi ban da shi?"

"Haba! Wa ke da wannan lokacin?"

Gandonou dattijo ne mai furfura, tabarau a kan hanci, ya shigo da natsuwa.

"Alhamis da rana kana ina, baba?"

"Na tafi Porto-Novo jana'iza, Yallaɓai. Tun sha biyu na fita."

"Mai gadi ya ce babur ɗinka bai motsa ba sai uku."

"Ɗan acaɓa na hau."

"Zuwa Porto-Novo, kana da naka babur a ƙofa? To. Buɗe mini aljihun tebur ɗinka."

Jan salatif ne a ciki, bakinsa a yage, yagar ta yi daidai da guntun da Sufeto ya ɗora a kan tebur.

"Ka ari kujerar yarinyar nan, ka ari sunanta," in ji Sufeto a hankali. "Amma hannunka ya saba. Ka rubuta lamba, ka tashi ka manna, sai daga baya ka tuna ka ɓare. Ina faifan?"

Dattijon ya cire tabarau. Ya zaro faifan daga cikin jakarsa, a naɗe da hankici.

"Ban ba kowa ba. Ban kwafa ba. Na rantse."

"To don me?"

"Matata. Duk farkon wata sai ta ce za ta kasuwar Dantokpa, ta dawo ba kaya. Na ga ƙwayoyi a kwalbar da aka ɓare wa takarda. Na tambaya, ta ce na hawan jini ne. Kunya ta hana ni binta. Na ce bari in duba suna ɗaya tak."

"Ka gani?"

"Shekara uku tana karɓa. Kuma na san ni na kawo mata cutar."

Sedami na tsaye a ƙofa. "Fofo, kai ka koya mini aikin nan. Da sun kulle ni, shiru za ka yi?"

Dattijon ya miƙa wa Sufeto faifan.

Sufeto ya sa faifan a ambulan ya liƙe, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya sa wa dattijon ankwa da kansa, bai matse ba.

Suna sauka matakala Gandonou ya matso kusa da kunnensa.

"Yallaɓai, jerin bisa haruffa yake. Ƙarƙashin sunan matata akwai Gbaguidi. Unguwar Fidjrossè. Sunanta..."

"Rufe mini baki!"

Ihun ya sa ɗan sandan da ke gaba ya waiwayo. Sufeto ya tura dattijon cikin mota ya rufe ƙofa.

Gbaguidi suna da yawa a ƙasar nan, ya gaya wa kansa, ko a Fidjrossè ma ba gidansa kaɗai ba ne. Amma tsoro ya riga ya kama shi. Yana da mata, yana da 'ya'ya mata biyu, kuma su ukun za su zauna cin abinci tare da shi yau.

Direba ya tambaye shi sau biyu ko su tafi, bai ji ba.