Tuwon Juma'a a Masana'antar Ikrima

Duk wanda ya zauna Zongon Lomé ya san bencin Iddi mai shayi, inda ake taruwa bayan la'asar a rushe gwamnati a sake gina ta da baki. Ya kuma san Ikrima. Digiri gare shi kan tattalin arziki, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma shekara shida ba aiki. Ko ya zauna, ƙafarsa rawa take. Zancensa kullum ɗaya ne: ana tatsar haraji daga mai tallan albasa da ɗan zemijan mai haya da babur, a sayi motocin manya, matasa kuwa suna zube a inuwa.

Gaskiya yake faɗa. Sai dai wata rana Alhaji Sulemana mai goro ya gaji, ya ce masa a gaban jama'a, "Kai da ko akuya ba ka taɓa ciyarwa ba, me ka sani kan ba mutum aiki?" Aka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta kai Ikrima wurin wani boka a bakin kogin Zio.

Bukkar sai an durƙusa ake shiga. Rana na tsaka, amma ciki sanyi kamar rijiya. A tsakiya akwai baƙin akushi, bakinsa ya yi kauri da busasshen jini da gashin kaji, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Ikrima ya fara bayanin cewa shi ba don kansa ya zo ba, mutum hamsin yake so ya ɗauka aiki. Bokan ya yi murmushin wanda ya sha jin haka. Ya yanka baƙar kaza a kan akushin, ya kankaro gari daga gindinsa, ya ce kowace Juma'a a barbaɗa a tuwon ma'aikata.

"Me zan biya?" in ji Ikrima.

"Kai? Ba komai. Yaushe ka ga maigida ya biya haraji? Masu sa hannu a kwanonka su za su biya."

"Sefa nawa?"

"Abin da ke cikin akushin nan ba ya cin kuɗi."

Kada wani ya ce maka Ikrima bai gane ba. Ya gane sarai. Mutumin da ya shekara shida yana kuka don talaka, nan take ya yanke cewa baƙi zai ɗauka, waɗanda ba su da kowa a Lomé.

Kafin shekara biyu ya buɗe masana'antar ruwan leda a unguwar Cacavéli, ma'aikata sittin. Da rana suna cin tuwo a ƙaton kwano ɗaya, ran Juma'a kuma shi da kansa yake leƙa tukunya. A bencin Iddi yanzu ba mai katse shi. Amma ƙafar ba ta daina rawa ba. Kimba, ɗan ci-rani daga Nijar, ya faɗi a kan inji bai tashi ba. Alasan direba ya tuɓe kaya tsakiyar titi yana ihun ana cinye masa hanji. Aka ce ajali, aka ce aljanu, Ikrima ya sayi likkafani.

Abu ɗaya ya tsare da ransa: ƙanensa Salim, wanda shi ma ya gama karatu yana zaune. Sau uku mahaifiyarsu Ajaratu ta roƙe shi ya ɗauki yaron, sau uku ya ƙi. Zongo ta ɗauka da tsegumi, don a nan mai aikin bayarwa ba ya tsallake na gida. Tsohuwa ta ji kunya ta ishe ta. Ta je wa shugaban ma'aikata a ɓoye, shi kuwa wa ya isa ya ce wa uwar patron, mai masana'antar, a'a?

Ranar Juma'a ce. Ikrima ya dawo daga masallaci ya tarar da su zagaye da kwano, Salim a tsakiya da rigar aiki, Ajaratu a gefe an ɗebo mata nata, don ba a cin abinci baƙo na kallo. Salim ya ɗago da miya a yatsu, fuska cike da murna, ya ce, "Yaya, bismillah."

Ikrima ya yi tsalle ya kifar da kwanon. Amma tuwon ya riga ya kusa ƙarewa.

Salim bai ga wata Juma'ar ba. Ajaratu ta rayu, in rayuwa ce, tana yawo Zongo tana tambayar kowa ko akwai aikin da za a ba ɗanta. Ma'aikata suka watse rana ɗaya, injuna suka yi tsatsa. Ikrima ya koma bakin kogi, bai ga bukka ba, sai ciyawa.

Har yau yana nan, ba ya zama, ba ya muhawara. In ya ga mutane sun kewaye kwano, sai ya rugo ya kifar. Shi ya sa in an hango shi ake rufe abinci.

To, kai mai bakin kare talaka, ka binciki cikinka tun ba a ba ka dama ba. Haɗama takan sa rigar tausayi, kuma duk dukiyar da aka ce wani zai biya maka farashinta, ka sani hannun naka ne zai shiga kwanon. Allah Ya tsare mu.